DAGA SHIRIN DOKA ZUWA DOKA: ABIN DA YA KAMATA KOWANE ƊAN ƘASA YA SANI

Sau da yawa akan ji a rediyo cewa wani ɗan majalisa ya gabatar da sabuwar doka a Abuja. Kafin gari ya waye labari ya bazu a kasuwanni da tashoshin mota, wasu na murna, wasu na zullumi, kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Alhali kuwa abin da aka gabatar ɗin shirin doka ne kawai, watau abin da 'yan jarida ke kira ƙudiri. Shawara ce a rubuce wadda ba ta hau kan kowa ba tukuna. Alƙali ba zai yi hukunci da ita ba, ɗan sanda kuma ba shi da ikon kama kowa da sunanta. Tsakanin ranar da aka gabatar da shirin doka da ranar da zai zama doka akwai tafiya mai nisa, kuma a cikin wannan tafiya ne ɗan ƙasa yake da damar sa baki. Manufar wannan ɗan littafi ita ce a bayyana wa jama'a zangunan wannan tafiya ɗaya bayan ɗaya, domin kowa ya san lokacin da maganarsa za ta yi amfani.

Su wa ke da ikon yin doka?

A zamanin mulkin soja, majalisar ƙoli ta sojoji ita ke zartar da doka, jama'a sai dai su ji an yi shela. Tsarin Mulki na 1999, wanda ya fara aiki ranar 29 ga Mayu na wannan shekara, ya danƙa ikon yi wa Tarayya doka a hannun Majalisar Tarayya. Majalisar nan ɓangare biyu ce. Akwai Majalisar Dattijai mai wakilai 109, watau uku daga kowace jiha cikin jihohi 36, da ɗaya daga Birnin Tarayya. Akwai kuma Majalisar Wakilai mai wakilai 360, waɗanda aka raba bisa ga yawan jama'a. Kowace majalisa shekara huɗu take yi, sa'an nan a sake zaɓe.

Ikon nan yana da iyaka. Tsarin Mulki ya jera batutuwan da Tarayya kaɗai ke yi wa doka, kamar tsaron ƙasa, da harkokin waje, da kuɗin ƙasa, da kwastan, da ma'adinai. Ya kuma jera waɗanda Tarayya da jihohi suka yi tarayya a kansu, kamar ilmi da bunƙasa aikin gona. Idan dokar jiha ta yi karo da ta Tarayya a kan irin waɗannan batutuwa, ta Tarayya ake bi. Abin da bai shiga jeri ko ɗaya ba kuwa, na jihohi ne. Wannan shi ya sa Dokar Kare Hakkin Yara da Majalisar Tarayya ta zartar a 2003 ba ta fara aiki a jihohi nan take ba, sai da majalisar kowace jiha ta duba ta, ta yi tata. Bugu da ƙari, Majalisa ba ta da ikon yin dokar da za ta koma baya ta mai da abin da mutum ya riga ya aikata laifi, kuma duk dokar da ta saɓa wa Tsarin Mulki kotu na iya soke ta.

Daga ina shirin doka ke fitowa?

Hanya biyu ce sananniya. Ta farko ita ce ta ɓangaren zartarwa, inda ma'aikatu ke tsara shiri, Shugaban Ƙasa ya aika wa Majalisa da wasiƙa. Kasafin kuɗi na kowace shekara ta wannan hanya yake zuwa. Ta biyu ita ce ta 'yan majalisa da kansu, inda sanata ko wakili zai tsara shiri ya gabatar da sunansa. Sau da dama asalin irin wannan shiri daga jama'a yake, ko ƙungiyar manoma, ko ta 'yan kasuwa, ko ta malamai, waɗanda suka kai kukansu ga wakilinsu suka roƙe shi ya ɗauki nauyin maganar. Mutumin da ba ɗan majalisa ba ba zai tashi a zauren Majalisa ya gabatar da shiri ba, amma ba abin da ya hana shi rubuta shawararsa ya miƙa wa wanda ya zaɓa.

Zangunan da shirin doka ke bi

Zango na farko shi ne karatu na ɗaya. Akawun Majalisa zai karanta sunan shirin kawai, ba a yin muhawara. Wannan sanarwa ce cewa magana ta shigo. Yawancin labaran da ke tayar wa jama'a hankali a wannan zango suke, tun ba a je ko'ina ba.

Zango na biyu shi ne karatu na biyu. A nan mai shirin zai tashi ya bayyana manufarsa da dalilansa, sauran wakilai su tofa albarkacin bakinsu, masu goyon baya da masu suka. Daga nan shugaban zama ya nemi ra'ayi, yawanci da murya. In masu ƙi suka fi yawa, shirin ya mutu ke nan. In masu so suka rinjaya, sai a miƙa shi ga kwamitin da abin ya shafa.

Zango na uku shi ne na kwamiti, kuma shi ne ya fi muhimmanci ga talaka. Kwamiti zai bi shirin sashe-sashe, ya gayyaci masana da ma'aikatun gwamnati. Akan kuma yi zaman sauraron ra'ayin jama'a, wanda ake sanarwa a jaridu. Kowane mutum ko ƙungiya na iya aika takardar bayani, ko su zo da kansu su faɗi abin da suka gani na gyara. Bayan haka kwamiti ya kai rahoto, Majalisa duka ta zauna ta duba shi sakin layi bayan sakin layi, a ƙara a rage.

Zango na huɗu shi ne karatu na uku, inda ake zartar da shirin a wannan majalisa. Amma da sauran aiki, domin lalle ne ɗaya majalisar ita ma ta amince da shi. In Dattijai da Wakilai suka sami saɓani a kan wasu kalmomi, sai a kafa kwamitin haɗin gwiwa ya daidaita su, har ya zama takarda ɗaya ce majalisun biyu suka yarda da ita.

Amfanin zaman sauraron jama'a ya fito fili a wani shiri da Sanata Mohammed Sani Musa na Jihar Neja ya gabatar a 2019, wanda ya nemi a hukunta masu baza labaran ƙarya ta intanet. Shirin ya tsallake karatu na biyu. Da aka zo zaman sauraro a watan Maris na 2020, akasarin waɗanda suka yi magana, har da ƙungiyoyin 'yan jarida da na kare hakkin jama'a, suka ce zai tauye 'yancin faɗin albarkacin baki. Majalisar ta tara ta gama wa'adinta a 2023 shirin bai zama doka ba.

Hannun Shugaban Ƙasa

Idan majalisun biyu suka gama, Akawun Majalisar Tarayya zai aika wa Shugaban Ƙasa da shirin. Sashe na 58 na Tsarin Mulki ya ba shi kwana 30 ya sa hannu ko ya bayyana cewa ya ƙi. In ya sa hannu, shiri ya zama doka. In ya ƙi, Majalisa na da zaɓi biyu. Tana iya gyara wurin da ya yi ƙorafi a kai ta mayar masa. Haka aka yi da Dokar Zaɓe, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙi sa wa hannu a watan Disamba na 2021 saboda ta tilasta wa jam'iyyu yin zaɓen fid da gwani na kai tsaye. Majalisa ta gyara wannan sashe, ya sa hannu ranar 25 ga Fabrairu, 2022. Ko kuwa kowace majalisa ta sake zartar da shirin da rinjayen kashi biyu cikin uku, ya zama doka ko ba hannun Shugaba. Haka aka kafa Hukumar Raya Yankin Neja Delta a shekarar 2000, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo.

Wani lokaci kuma tafiyar takan yi tsawo ƙwarai. Shirin dokar da ta ba ɗan ƙasa ikon neman bayani daga ofisoshin gwamnati ya shiga Majalisa tun 1999. An zartar da shi a 2007, ba a sa masa hannu ba har wa'adin gwamnati ya ƙare, dole aka sake sabon lale. Sai ranar 28 ga Mayu, 2011, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu. Shekara goma sha biyu ke nan masu neman wannan doka ba su gaji ba.

Idan Tsarin Mulki ake son gyarawa

Shirin da ke neman taɓa Tsarin Mulki hanyarsa ta fi tsanani, domin shi ne uwar dokoki. Sashe na 9 ya ce sai kashi biyu cikin uku na dukkan wakilan kowace majalisa sun yarda, watau sanatoci 73 da wakilai 240. Sa'an nan sai majalisun dokoki na jihohi 24 aƙalla sun amince. Wannan shinge shi ya sa ba a wasa da Tsarin Mulki. A ranar 16 ga Mayu, 2006, Majalisar Dattijai ta yi watsi da shirin gyaran da ya ƙunshi ƙara wa Shugaban Ƙasa da gwamnoni wa'adi na uku, maganar ta mutu a nan.

Ga kuma misalin wanda ya yi nasara. A 2016 Tony Nwulu, wakili daga Jihar Legas, ya gabatar da shiri a Majalisar Wakilai domin a rage shekarun da ake bukata kafin mutum ya tsaya takara. Sanata Abdul-Aziz Nyako na Jihar Adamawa ya ɗauki nauyin irinsa a Majalisar Dattijai. Ƙungiyoyin matasa suka tsaya a kan maganar, suka yi ta rubuta wa wakilansu, suka yi jerin gwano cikin lumana zuwa Majalisa. A watan Yuli na 2017 majalisun biyu suka zartar. Matasan ba su koma gida sun kwanta ba, sai suka bi shirin jiha-jiha har aka wuce adadin jihohi 24 da ake bukata. Ranar 31 ga Mayu, 2018, Shugaba Buhari ya sa hannu. Shekarun takarar Shugaban Ƙasa suka sauko daga 40 zuwa 35, na Majalisar Wakilai da majalisun jihohi kuma daga 30 zuwa 25. An fara aiki da wannan gyara a babban zaɓen 2019.

A lura da abu ɗaya. Tun farko masu shirin sun nemi a rage shekarun takarar sanata da ta gwamna su ma, amma waɗannan suka tsaya a 35. Abin da ya shiga Majalisa ba lalle ne shi zai fito ba. Saboda haka bai isa mutum ya goyi bayan shiri ranar da aka gabatar da shi kawai ba, sai ya bi sawunsa ya ga abin da aka ƙara da abin da aka cire.

Abin da ya kamata ka yi

Ya kai mai karatu, idan ka ji labarin sabon shirin doka, fara tambayar zangon da yake. Karatu na ɗaya ne, ko yana gaban kwamiti, ko yana jiran hannun Shugaba? Wannan tambaya kaɗai za ta raba ka da jita-jita mai yawa.

Na biyu, nemi sanin abin da aka rubuta a ciki. In ba ka karanta Turanci, nemi wanda ka amince da shi ya fassara maka, kada ka dogara da ji-ta-ji-ta na bakin kasuwa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Na uku, san sunan sanatanka da wakilin mazaɓarka. Rubuta musu, ko ka je ofishinsu na mazaɓa. Takarda ɗaya mai ɗauke da sa hannun ƙungiyar manoma ko ta masu sana'a ta fi surutun mutum ɗari a gindin bishiya nauyi. A faɗi sashen da ake ƙorafi a kansa, a faɗi cutarwar da zai jawo, a kuma kawo shawarar gyara, cikin ladabi ba da zagi ba.

Na huɗu, idan an sa ranar sauraron ra'ayin jama'a, ƙungiyarku ta aika wakili ko takarda kafin ranar ta wuce. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyar, riƙe yadda wakilinka ya yi a kan maganar, ka auna shi da ita ranar zaɓe. Tsarin Mulki ma, a sashe na 69, ya ba mutanen mazaɓa ikon yi wa wakilinsu kiranye idan fiye da rabin masu rajistar zaɓe suka sa hannu a takardar ƙorafi, Hukumar Zaɓe ta tantance, aka kuma yi ƙuri'ar jin ra'ayi.

Doka idan ta tabbata ta hau kan kowa, mai kuɗi da talaka, na birni da na ƙauye, kuma cewa ba ka san da ita ba ba zai fid da kai a gaban alƙali ba. Gyara ta bayan an sa hannu sai an sake bin dukkan zangunan nan daga farko, ko a tafi kotu, abin da kan ci shekaru da dukiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya gama karanta wannan ɗan littafi ya daure ya karanta wa maƙwabcinsa, domin Majalisar Tarayya da yawun jama'a take magana, kuma wajibi ne jama'a su san abin da ake faɗa da sunansu.