Shawara Ga Masu Niyyar Ziyarar Tsofaffin Biranen Magrib

TAMBAYA: Wani ɗan kasuwar hatsi daga Dawanau, ta ƙasar Dawakin Tofa, ya aiko yana cewa shi da abokan sana'arsa sun yi adashi har sun tara guzurin ziyarar biranen tarihi na Arewacin Afirka, sai wani dillalin tafiye-tafiye ya kawo musu tsarin kwana 10 wanda zai ratsa da su Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Masar, da jagora da masauki da abinci, duk a kuɗi ɗaya. Yana tambaya ko su biya.

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka, ya kuma cika muku wannan buri da alheri. Amsata a taƙaice ita ce kada ku biya tukuna. Ba domin niyyar tana da aibu ba, sai domin tsarin da aka kawo muku, in an auna shi da ma'aunin hankali da na taswira, zai cinye dukiyarku da ƙarfinku a filayen jirgin sama, ku komo gida da tarin hotuna a waya, alhali fa'idar da kuka fita nema tana can inda kuka bar ta.

Lalle ne niyyar kanta abar yabo ce, domin Bakano ba baƙo ba ne a waɗannan birane, ko da bai taɓa taka su ba. Daga Tilimsan ta ƙasar Aljeriya Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili ya fito, wanda ya sauka Kano wajen shekarar 1492, a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya rubuta masa nasiha a kan abin da ya wajaba ga sarakuna, zuriyarsa kuwa tana nan a unguwar Sharifai har yau. Ta hanyar Gadamas da Tarabulus ayarin raƙuma ya yi ƙarnoni yana kwasar turkuɗin Kano da jemammiyar fatar jar akuya, wadda Turawa suka riƙa jingina wa Maroko saboda ta hannun mutanen arewa take isa gare su. Abin da ya fi wannan girma kuwa, littattafan da almajiri yake buɗewa a zauren malaminsa, tun daga Ahalari har zuwa Risala da Ashafa, mafi yawansu a can aka wallafa su, kuma ruwayar Warshu da rubutun allon da muka gada su ne dai na mutanen Magrib. Saboda haka wanda ya tafi da sani, zumunci ya je sadarwa. Wanda ya tafi babu sani kuwa, gine-gine kawai zai gani.

Illar irin tsarin da aka kawo muku ta farko ita ce gaggawa. Ƙasa huɗu a kwana 10 ma'anarta kwana biyu da ɗan abin da ya ɗora a kowace ƙasa, rabinsu kuma a hanya. Ga shi kuma iyakar ƙasa tsakanin Maroko da Aljeriya a rufe take tun shekarar 1994, har ma a 2021 Aljeriya ta yanke hulɗar jakadanci da Maroko, ta yadda mai son zuwa Tilimsan daga Fas, duk da kusancin da yake gani a taswira, ba shi da hanyar mota sai ya zagaya ta jirgin sama ta wata ƙasa dabam. Duk dillalin da bai ambata muku wannan ba, imma bai san hanyar ba, imma ya sani ya ɓoye, kuma ko wanne ne daga cikin biyun ya isa ya sa mai hankali ya dakata. Illa ta biyu ita ce ta jagora, domin tafiyar da aka karya wa farashi sau da yawa a kantuna ake fanshe ta: a ɗebe ku daga masallaci bayan minti kaɗan, a zaunar da ku awa biyu a shagon darduma ko na turare, inda jagora yake da la'adarsa a kan duk abin da kuka saya. Ta uku kuwa ita ce alkawarin baka, wanda ba ya tsayawa a gaban alƙali ranar da masauki ya zama ba shi ne aka siffanta ba.

Maganin farko shi ne ku zaɓi ƙasa ɗaya, ku zaɓe ta kuwa bisa abin da zukatanku suke nema. In Maroko ce, birni biyu sun wadatar. Fas tana da masallacin Alƙarawiyyin, wanda Fatimatu Alfihriyya ta kafa a shekarar 859, da makarantar Bu Inaniyya da sarakunan Banu Marin suka gina a tsakiyar ƙarni na 14, da zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a can a 1815, inda 'yan'uwa daga ƙasar Hausa suke zuwa ziyara duk shekara. A birnin ne kuma Ibnu Ajurrum, mai littafin nahawun da ake fara koya wa ɗalibi, ya rasu a 1323. Tsohon garin lunguna ne masu ƙunci waɗanda mota ba ta shiga, jakuna da alfadarai ne suke dakon kaya, kuma majemarsa, wadda har yanzu ake aiki a ramukanta da hannu, za ta ba ɗan kasuwar Kano abin nazari mai yawa. Marrakish kuwa, wadda Murabiɗuna suka kafa a ƙarni na 11, a cikinta kabarin Alƙali Iyal mai Ashafa yake, wanda ya rasu a 1149, da na Shehu Jazuli mai Dala'ilul Hairati. Jirgin ƙasa ya haɗa biranen biyu ta Kasabalanka, tafiyar kusan awa bakwai, don haka kwana huɗu a Fas da uku a Marrakish, da ranakun hanya, sun cika kwana 10 ɗinku ba tare da wahala ba.

In kuwa fiƙihun Malikiyya ne ya fi jan hankalinku, to, Tunisiya ce ƙasarku, domin Ƙairawan, wadda Uƙubatu ɗan Nafi'u ya kafa a shekarar 670, ita ce garin Imam Sahnun mai Mudawwana, wanda ya rasu a 854, da Ibnu Abi Zaidin mai Risala, wanda ya rasu a 996, kuma tafiyar sa'o'i kaɗan ce a mota daga birnin Tunis, inda masallacin Zaituna yake. Masar ita kaɗai ta isa tafiya guda, da Azhar ɗinta da aka gina tsakanin 970 da 972, da kabarin Imam Shafi'i a Alƙahira, da na Busiri mai Burda a Iskandariyya. Amma Libiya, duk da cewa Gadamas ce ta fi kowane gari kusanci da tarihin fataucin Kano, ban ba ku shawarar nufarta ba, saboda halin tsaron da ƙasar ta shiga tun 2011.

Magani na biyu shi ne rubutu, kuma shari'a da kanta ta kwaɗaitar da rubuta ma'amala da kafa shaidu. Kai da ba ka sayen buhun wake a Dawanau sai ka soka ka ga ƙwayar, bai kamata ka sayi tafiyar miliyoyin naira a ɗaure ba. Ku nemi takardar rajistar kamfanin, ku je ofishinsa da ƙafarku, ku tambayi waɗanda ya taɓa kaiwa suka dawo. Sa'an nan a rubuta sunan kowane masauki da nisansa daga tsohon gari, da adadin mutane a ɗaki, da abincin da ke cikin kuɗin, da wanda zai biya kuɗin shiga wuraren tarihi, da jerin wuraren da za a ziyarta kowace rana tare da sa'o'in da za a yi a cikinsu, da abin da za a mayar muku in ofishin jakadanci ya hana biza. Kada a biya kuɗi duka a tashi ɗaya, kada kuma a zuba su a asusun wani mutum. A biya kashi-kashi a asusun kamfani, a karɓi rasiɗi, kuma kowane matafiyi ya ga tikitinsa na zuwa da dawowa da sunansa a kai kafin ya cika ragowar.

Magani na uku ya shafi jagoran kansa. A Maroko hukuma ce take ba jagorori lasisi, suna kuma ɗauke da katin shaida mai hoto, saboda haka ku nemi ganinsa, ku kau da kai daga samarin da suke tare baƙi a ƙofar gari suna cewa hanya a rufe take, su zo su nuna wata. Ku sharɗanta tun farko cewa jagoran ya iya Larabcin littafi, domin Larabcin kasuwar Magrib ya cakuɗa da Berberanci da Faransanci har malamin da ya sauke Muhtasar yakan rasa gane shi. Ku kuma faɗa masa a fili cewa malamai da masallatai kuka zo gani, sayayya kuwa rana ɗaya kuka ware mata, za ku yi ta da kanku. Mafi alheri ma ku tafi da malami ɗaya daga gida, ku ɗauke masa guzuri a tsakaninku, wanda kowane dare zai karanta muku tarihin wanda za ku ziyarta gobe, domin wannan kuɗi shi ne zai fi kowane kuɗi riba a tafiyar.

Game da lokaci, yanayin can da aikin nan sun yi muku muwafaka. Daga Yuni zuwa Satumba kuna gona, alhali a Yuli da Agusta zafin Marrakish yakan haura digiri 40. Daga Oktoba zuwa ƙarshen shekara kaka ce, lokacin da riɗi da wake da gero suke kwararowa kasuwa, wanda ɗan Dawanau ba ya barin rumfarsa. Disamba zuwa Fabrairu kuwa sanyi ne da ruwan sama a Fas, irin wanda hunturunmu bai kai shi ba, yana kuma wahalar da dattawa. Watan Maris da Afrilu su ne daidai, ciniki ya lafa, sharar gona ba ta yi nisa ba, can kuma iska ta yi daɗi. Sai dai ku duba kalandar Musulunci, domin a Ramadan wuraren tarihi sukan rage sa'o'insu, ranar Juma'a kuma yawancin shagunan tsohuwar Fas a rufe suke.

Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida, a riƙe katin rigakafin shawara, mai ciwon suga ko hawan jini kuma ya ɗauki maganinsa tare da takardar likita. Naira ba ta canzuwa a can, don haka ku sayi dala ko yuro tun daga gida, ku canza su zuwa dirhami ko dinari a wuraren canji na hukuma, kuma wanda ya ɗauki abin da ya haura dala 10,000 wajibi ne ya bayyana wa kwastan kafin ya tashi. A nan akwai gargaɗi mai nauyi: kada ku yarda a cusa muku a cikin ayari wani saurayi wanda nufinsa ya sulale ya nemi tsallaka teku zuwa Turai, domin wannan yaudara ce ga hukuma, halaka ce ga yaron, kuma ita take sa a tsananta wa masu ziyara na gaskiya da za su zo bayanku.

Ta fuskar ibada, mutanen Maroko da Tunisiya Malikawa ne kamarmu, za ku ma ji ana karatun hizbi a jam'i bayan Asuba da Magariba a masallatan Maroko. Amma ku tuna cewa a mazhabarmu wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari ya fita daga hukuncin ƙasaru, sai ya cika sallarsa. A maƙabarta a yi sallama da addu'a cikin natsuwa, a bar jayayyar ɗariƙa da aƙida a gida, kada kuma a ɗauki hoton mutum, balle mace, sai da izninsa.

Kafin duk wannan, Alhaji, ku ware yini guda ku shiga birnin Kano, wanda ba shi da nisa da ku, ku zaga Kasuwar Kurmi da Sharifai da Dandalin Turawa, inda fataken Larabawa suka zauna, da marinar Ƙofar Mata da Gidan Makama, tare da wanda ya san tarihinsu, domin wanda ya san wannan ƙarshen hanyar shi ne zai gane ɗaya ƙarshen in ya isa. Bayan haka ku koma wa dillalinku da sharuɗɗan nan a rubuce. In ya karɓa, ku biya kashin farko da bismilla, in kuwa ya ƙi, ku riƙe kuɗinku ku nemi wani. Allah ya kai ku lafiya, ya komo da ku lafiya, ya sa ziyarar ta zama mai amfani gare ku da iyalanku.