Kwamfuta In Ta Ƙi Tashi, A Fara Tsirar Da Kaya

Wani malamin firamare da ke zaune a unguwar Sarkin Dawaki, cikin Jalingo, ya zo mini da kuka a hunturun da ya wuce. Kwamfutarsa ta cinya ce ta ƙi tashi ana saura kwana 4 a ba yara sakamako. Ya kai ta wurin wani mai gyara, kafin la'asar aka miƙo masa ita tana aiki sumul. Amma makin yara na zango biyu, da tsarin darussansa, da hotunan sunan 'yarsa, duk babu ko ɗaya. Mai gyara ya yi mata abin da su ke kira fomatin, watau ya share faifan ajiyarta ya zuba sabon Windows. Ba mugunta ya yi ba. Ita ce hanya mafi sauri, malam kuwa bai faɗa masa akwai kaya a ciki ba.

To, abin da na ke so ku riƙe, ya ku malaman gobe, shi ne kwamfuta dabam, kayan da ke cikinta dabam. Sau da yawa ita ce ke ciwo, amma takardunka suna nan kwance lafiya a faifai. Gaggawar gyara ce ke hallaka su.

Da fari a duba abu mai sauƙi. Caja tana kama wuta? Soket ɗin fa? In batir mai cirewa ne, a cire shi, a zare caja, a danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30, sa'an nan a mayar a gwada. In kuwa ta kan tashi ta yi aiki kaɗan ta mutu, a zargi zafi. Ƙurar hunturu ta kan toshe fankarta, ga zafin Maris da Afrilu, ga shi kuma mutanenmu sun saba ɗora ta bisa katifa, wurin shan iskarta ya rufe.

Sa'an nan a kasa kunne. Faifan ajiya irin na da yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, da wani ɗan hannu mai karatu a bisansa. In ka ji yana ƙas-ƙas-ƙas a kai a kai, lalle faifan ne ke mutuwa. Kashe ta nan take. Kowace kunnawa ƙara masa rauni ta ke yi, wannan sai gwani.

In babu wannan ƙara, fitila tana kamawa, amma Windows ya ƙi buɗewa, kada a taɓa kome sai an kwashe kaya. Hanya biyu ce. Ta farko, ka sami filashi marar kome a ciki, mai gigabait 8 ko fiye, ka je ga kwamfutar wani ka zuba masa Ubuntu, wanda kyauta a ke samunsa, ka tashi taka kwamfutar daga filashin. Za ta nuna maka zaɓi biyu da Ingilishi. Ka zaɓi "Try Ubuntu", watau gwaji, kada hannunka ya kai ga "Install", don wannan yana iya share faifan. Daga nan ka buɗe faifanka, ka kwafe abin da ka ke so zuwa wata ma'ajiya. Ta biyu, a kwance faifan a sa shi cikin ɗan gidansa mai waya, irin wanda masu kayan kwamfuta ke sayarwa, a jona wa wata kwamfuta kamar filashi. Wannan ba ta yiwuwa ga ƙananan kwamfutocin da aka manne ma'ajiyarsu a jiki.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata ku sani. Windows yana da makulli mai suna BitLocker, kuma tun 2024 sababbin kwamfutoci masu Windows 11 da yawa su kan kulle faifansu da kansu, mai ita ma bai sani ba. Faifan da aka kulle haka ba ya buɗuwa a wani wuri sai da mabuɗi mai lambobi 48. Galibi yana ajiye a asusun Microsoft da ka shiga da shi ran da ka fara kunna ta. Ka nemo shi yau tun tana lafiya, ka rubuta a bayan littafi. Wanda ya sayi ta hannu, asusun kuwa na mai ita na farko ne, shi ya fi kowa bukatar wannan gargaɗi.

Bayan kaya sun tsira, sai gyara, shi kuwa ba shi da wuyar bayani. In Windows ya kāsa tashi sau biyu ko uku a jere, shi da kansa ya kan buɗe allon gyara. A ciki akwai "System Restore", mai mayar da shi yadda ya ke kwanakin baya ba tare da taɓa takardu ba. In wannan bai yi ba, akwai "Reset this PC", a zaɓi "Keep my files". Manhajojin da ka zuba za su tafi, takardu su zauna. Fomatin shi ne na ƙarshen ƙarshe.

Wanda aikin gama ya gama masa fa? Kada ya fid da rai tukuna. Sa'ad da aka share takarda, kwamfuta sunanta kawai ta ke sokewa daga jeri, kamar malamin da ya soke sunan yaro a rajista alhali yaron yana zaune a aji. Tana nan har a rubuta wani abu a gurbinta. Don haka a daina amfani da faifan, a jona shi ga wata kwamfuta, a neme su da Recuva ko PhotoRec, abin da aka samo kuma a ajiye shi a wani wuri dabam. Amma faifan zamani marar juyawa, da a ke kira SSD, shi ya kan goge gurbin da wuri, samu a cikinsa da wuya.

Haka kuma filashin da ya dawo daga shagon buga takardu ya nuna wai babu kome. Sau da yawa ƙwayar cuta ce ta ɓoye takardun, ba ta share su ba. A umurci Windows ya nuna ɓoyayyun abubuwa kafin a yi tunanin fomatin.

Malamin Sarkin Dawaki faifansa mai juyawa ne, sai muka gwada. Muka samo hotuna da dama, amma takardar maki sabon Windows ya riga ya hau kanta. Dare uku ya yi yana tattara maki daga takardun jarrabawar yara. Yanzu kowace Jumma'a ya kan kwafe aikinsa a filashi, ya kuma aika da shi Google Drive, inda kowane asusu ke da gigabait 15 kyauta. Da cajarsa ta lalace kwanan baya ya koma wurin mai gyaran nan, tun daga bakin ƙofa ya ce, "Sannu da aiki, maigida. Akwai kayan makaranta a ciki, kada a yi fomatin sai an kira ni."