Daga Dutsen Dala Zuwa Farin Ruwa

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a Arikya, na ce wa yaran aji biyar su faɗi mashahuran wuraren ƙasar Arewa. Nan da nan suka zubo su kamar hadda: Dutsen Dala na Kano, Hasumiyar Gobarau ta Katsina, rijiyar Kusugu ta Daura. Sai wani yaro ya ce, "Malam, Dala ya kai duwatsun Eggon tsawo?" Na yi shiru, gama ni ma a littafi kaɗai na san shi.

Da aka yi hutu na tafi Kano, na hau shi. Ashe ko kusa bai kai ba! Darajarsa ba a tsawo take ba. Nan Barbushe ya zauna, a gindinsa kuwa garin ya tsiro. Daga bisa mutum yana hangen ragowar ganuwar da Sarki Gijimasu ya soma ginawa wajen shekara 900 da suka wuce, da Kasuwar Kurmi ta zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499.

Amma abin da ya fi damuna shi ne, ba yaron da ya ambaci Farin Ruwa, ga shi kuwa a jiharmu, cikin ƙasar Wamba. Ruwan daga tuddan Jos yake gangarowa, ya faɗo daga bisa dutse kamar mita 150, fari fat sai ka ce auduga. Bana da shi zan soma darasin labarin ƙasa, kāna mu tafi Kano a taswira.