Shirin Doguwar Tafiya A Kan Keke

A shekarar 2023 wani matashi ɗan ƙasar Gini, Mamadou Safayou Barry, ya hau keke shi kaɗai ya nufi Jami'ar Azhar ta Masar neman ilmi. Ya ratsa Mali da Nijar, ya yi wata huɗu kafin ya kai Cadi. Sau uku ana tsare shi a hanya. Daga Cadi mutanen kirki suka biya masa kuɗin jirgi.

To, ɗan'uwa, in kana sha'awar irin wannan daga Gombe, ga abin lura.

Da fari koyi gyaran kekenka. Wanda bai iya faci ba, ƙaya ɗaya ta isa ta kwanar da shi a daji. Riƙi famfo, da sifana, da tocila, da gidan sauro, da tabarma. Guzuri kuwa, garin rogo da ƙuliƙuli da dabino ba su lalacewa. Ruwa ya fi kome. Kada ka manta da katin shaidarka.

Na biyu, gwada ƙarfinka. Ɗaura kayan duka, ka je Dadin Kowa ka kwana ka komo. Abin da ba ka taɓa ba, bar shi gida.

Ranar tashi, fita da asuba, ka huta in rana ta take. Bauci kimanin kilomita 150 ce, raba ta kwana biyu. Kada magariba ta same ka a daji. Shiga gari, gai da maigari, shi zai nuna maka inda za ka shimfiɗa tabarma. Sannu sannu kwana nesa.