Ɗaga Ƙarfe da Sinadaran Jiki: Gargaɗi ga Samari

Tun shekarar 1927 da Kafanchan ta zama mahaɗar jiragen ƙasa, inda layin dogo daga Fatakwal ya rabu biyu, ɗaya ya nufi Kaduna ɗaya Jos, garin ya saba da masu aikin ƙarfi, watau 'yan dako da leburorin reluwe. Ƙasar da ke kewaye da shi kuwa, daga Kagoro zuwa Kwoi har Kachia, ƙasar noman citta da doya ce, inda garma ke gina kafaɗun mutum tun yana saurayi. A yau an sami ƙarin wasu, su ne samarin da ke cika gwangwani biyu da siminti, su soka ƙarfe a tsakani, suna ɗagawa safe da yamma. Wannan abin yabo ne. Sai dai akwai wata magana da ke yawo a tsakaninsu wadda ke bukatar gyara, wai ɗaga ƙarfe yana ƙara wa namiji sinadarin mazakuta, kuma wanda jikinsa bai buɗe da wuri ba, nasa ne ya gaza, sai ya nemi allura.

Sinadaran da ake magana a kai likitoci suna kiran su homon. Su 'yan aike ne. Wata gaɓa ce ke yin su, ta zuba su cikin jini, jini ya kai saƙon inda aka nufa. Testosteron, wanda ke kawo gemu da kaurin murya, a 'ya'yan maraina ake yin mafi yawansa. Homon na girma yana fitowa daga wani ɗan ƙulli mai girman ƙwayar wake a gindin ƙwaƙwalwa, kuma a cikin barci mai nauyi ya fi zuba. Kotisol, na wahala da firgita, daga saman ƙoda yake. Insulin kuwa shi ke buɗe wa sukari ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka.

Gaskiya ne idan mutum ya ɗaga nauyi sosai, testosteron da homon na girma sukan hau a jininsa. Amma hawan ba ya daɗewa. Kafin awa ɗaya ko biyu sun koma inda suke. A shekarar 2010 masana a Jami'ar McMaster ta ƙasar Kanada suka bayyana wani gwaji da suka yi da samari 12 har mako 15. Kowane saurayi yakan horar da hannu ɗaya shi kaɗai, ranar da zai horar da ɗayan kuwa sai a haɗa masa da aikin ƙafafu mai tsanani domin homon ya hau. Da aka auna a ƙarshe, hannuwan biyu sun yi kauri da ƙarfi daidai da juna. Ashe nauyin da tsoka ta ja ne ke gina ta, tare da abinci da hutu. Haka kuma wanda ya shekara da shekaru yana ɗaga ƙarfe, in aka ɗibi jininsa da safe yana hutawa, galibi testosteron ɗinsa bai wuce na maƙwabcinsa mai lafiya ba. Mata ma shaida ne, domin nasu bai kai kashi ɗaya cikin goma na maza ba, alhali kuwa matar da ke ɗauko itace ko buhun citta daga gona ba ta bukatar a gaya mata tsoka na ƙarfafa.

To, mene ne ke sākewa a jikin wanda ya daure shekaru? Abin da ke sākewa shi ne yadda jiki ke jin saƙon, musamman na insulin, kuma nan ne babbar ribar take. Tsoka ce ke kwashe mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan an ci tuwo ko doya. Tsokar da ke aiki kullum takan amsa kiran insulin da sauri, ɗan kaɗan ya ishe ta. Wadda aka bari zaune sai ta yi kunnen ƙashi, jiki ya yi ta ƙara insulin har ya gaji, daga nan ciwon sukari yake samun hanya. Wannan amfani ba a ajiye shi kamar hatsi a rumbu. Kwana biyu ko uku bayan aikin ƙarshe ya fara gushewa. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta shekarar 2020, ta ce kowane baligi ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Ma'aikacin ofis da ɗan kasuwa mai wuni zaune a rumfa sun fi saurayi bukatar wannan, haka ma manomin da ya tsufa ya ajiye garma.

Aiki kuma yana iya wuce kima. A tsakiyar damina, sa'ad da noma ya yi tsanani rumbu kuwa ya yi ƙasa, jiki na kashe fiye da abin da ya samu. A irin wannan hali kotisol yakan hau, testosteron ya sauka, tsoka ta fara ramewa, mace ma al'adarta na iya ɗaukewa. Rashin barci ma haka yake yi. A wani gwaji a Jami'ar Cikago ta Amurka, wanda aka bayyana a 2011, samarin da aka tsare ga barcin awa 5 har mako guda testosteron ɗinsu ya ragu da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari.

Game da allura, ba za a ɓoye wa kowa ba, tana ƙara tsoka. Amma a lura da abin da take karɓa. Ƙwaƙwalwa tana auna testosteron da ke cikin jini koyaushe. Da ta ga ya yi yawa sai ta daina aika umarni, 'ya'yan maraina su tsai da aiki su ƙanƙance, ƙwayoyin haihuwa su ragu ko su ƙare. Saurayi mai faffaɗan ƙirji sai ya yi aure a yi ta jiran haihuwa, dangi suna ɗora wa amarya laifi. Bayan an daina, farfaɗowa kan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara. Ban da wannan akwai hawan jini, da lahani ga zuciya da hanta, da fitowar nono ga namiji, da cututtukan da ake ɗauka in an yi tarayya a allura guda.

Ƙwayoyin ƙiba da ake wa laƙabi da "sha ka fashe" wani tarko ne dabam. Da yawansu suna ɗauke da deksametazon, wanda ɗan'uwan kotisol ne. Fuska da ciki ke kumbura, hannuwa da cinyoyi kuwa su sirance, sukari ya hau. Wanda ya daɗe yana shan su kada ya yanke rana ɗaya, domin hakan na da haɗari ga rai. Ya tafi babban asibitin Kafanchan ko wanda ya fi kusa da shi, ya riƙe kwalin maganin a hannu ya nuna wa likita, a tsara masa yadda zai rage sannu a hankali.