A Rubuta Abin Da Mai Ciwon Daji Ya Zaɓa

A 2010, likitocin asibitin Massachusetts General da ke Amurka suka gano cewa masu ciwon dajin huhu da aka fara ba su kulawar rage raɗaɗi da wuri sun fi barin zaɓinsu a rubuce.

Saboda haka, da zarar an tattauna da majinyaci kan zaɓinsa, likita ya rubuta kwanan wata, da waɗanda suka halarta, da kalaman majinyacin yadda ya furta su: a gida yake son jinya ko a asibiti, ya yarda da na'urar numfashi ko a'a, wa zai yanke shawara idan ya kasa magana.

Idan jiki ya sauya, a sake zama, a sabunta takardar, a ajiye ta inda ma'aikatan dare za su gan ta.