Amsoshin Tambayoyinku: Manhajar kyauta za ta riƙe mini lissafin shago?

TAMBAYA: Ina da shagon atamfa da shadda da lafaya a Kasuwar Litinin, Maiduguri. Bara na sayi laftof 'yar gwanjo don ɗana ya riƙa shigar mana da lissafin kaya da na masu karɓar bashi, amma tun daga ranar ba mu huta ba. Yau ta rubuto wai lasisin Office ya ƙare, gobe ta yi nauyi, mu kai wa mai gyara ya yi mata fomatin ya sake zuba wasu, bayan wata biyu a koma gidan jiya. Yanzu yaron ya zo mini da maganar wai akwai manhajoji na kyauta, kuma ba na sata ba, kowa na iya saukewa. Ni kuwa na san araha ba ta ado. Gaskiya ne? Wa yake biyan masu yin su? Kuma za su riƙe lissafin shago, ba wata rana in wayi gari sun cinye mini shi ba? Daga mai shagon atamfa, Kasuwar Litinin.

AMSA: Allah ya ba da kasuwa, ya yi wa yaron nan albarka, domin gaskiya ya faɗa maka. Akwai su, suna da kyau, kuma lissafin shago irin naka bai kai ko kusa da iyakar ƙarfinsu ba.

Bari mu fara da abin da yake damun laftof ɗinka. Office na kamfanin Microsoft kayan sayarwa ne, ko a biya sau ɗaya ko a riƙa biyan kuɗin wata ko na shekara. Wanda ake zubawa a yawancin shagunan gyara an fasa makullinsa ne, shi ya sa bayan ɗan lokaci yake tuna maka cewa ba a biya ba. 'Yar manhajar da ake fasa makullin da ita kuwa ba wanda ya san hannun da ta fito, kuma sau da yawa sai an kashe mai gadin kwamfutar kafin ta yarda ta shiga. Ta wannan ƙofa bairos ke samun hanya. Ban ga laifin mai gyara sosai ba, abin da jama'a suke nema yake ba su. Sai dai ɗan kasuwar da ke ƙyamar sayen kayan da bai san asalinsu ba ya cancanci a gaya masa gaskiyar abin da ke cikin na'urarsa. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a take karewa. Dokar Nijeriya ma haka ta ce.

Manhajojin da ɗanka yake nufi masu su ne da kansu suka rubuta a takardar lasisi cewa an yarda ka yi aiki da su yadda ka so, ka kwafa ka ba maƙwabcinka, wanda ya iya ya buɗe rubutun da aka gina su da shi ya duba, ya gyara, ya raba gyaran. Wani masanin kwamfuta a Amurka, Richard Stallman, shi ya fara wannan kira a 1983. A 1991 wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fitar da Linux a kan irin wannan hanya, kuma wayar Android da ke aljihunka a kan Linux ɗin aka gina ta. Ke nan ka daɗe kana amfani da irinsu ba ka sani ba.

Wa yake biya? Ka ɗauke su kamar rijiyar wakafi: wasu suka haƙa, wasu ke yashe ta, kowa na ɗiba. Akwai masu ba da lokacinsu don sha'awa, akwai gudummawar jama'a, akwai kuma manyan kamfanoni da ke biyan ma'aikata albashi su inganta manhajar saboda su ma da ita suke cin abinci. Kamfanin Red Hat, wanda sana'arsa sayar da hidimar kula da Linux ce, IBM ta saye shi a 2019 kan dala biliyan 34. Abin da aka zuba wa irin wannan kuɗi ba kayan wasan yara ba ne. Amma a kula: ba duk abin da aka rubuta wa "kyauta" a intanet ne yake cikin wannan sahu ba. Wasu kyautar tasu tarko ce ta talla da kwasar bayanan mutane. Ɗanka ya riƙa saukewa daga shafin masu manhajar kai tsaye.

Wadda na fi so, kuma wadda ta shafe ka kai tsaye, ita ce LibreOffice. Ta samo asali ne daga OpenOffice a 2010, wata gidauniya mai mazauni a Jamus ce ke kula da ita, ana samun ta a libreoffice.org, nauyinta bai kai rabin giga ba, kuma idan an sauke sau ɗaya a filashi ana iya zuba wa duk layinku. Ba ta buƙatar intanet don yin aiki, ba ta da ranar ƙarewa. A cikinta akwai Writer na rubuta wasiƙa da rasit, akwai Calc na lissafi, kishiyar Excel. Tana hawa kan Windows ɗin da kake da shi, ba sai an goge komai ba, kuma tana buɗe fayilolin Word da Excel da yaron ya riga ya tara.

Ga yadda zan so ya tsara littafin bashi a Calc. A layin farko ya rubuta kanun: kwanan wata, sunan mai karɓa, irin kaya, yawan turmi ko yadi, farashi, jimla, abin da aka biya, saura. Gidan jimla da na saura ba a cika su da hannu. A gidan jimla na layi na biyu zai rubuta =D2*E2, a na saura ya rubuta =F2-G2, sannan ya kama 'yar ɗigon da ke kusurwar gidan ya ja ƙasa har layi ɗari biyar. Daga nan duk sanda Hajiya mai sarin lafaya ta kawo wani abu daga cikin kuɗinta, lamba ɗaya zai canza a gidan biya, saura ya gyara kansa. A can sama ya ware gida guda ya sa =SUM(H2:H500), shi ne zai riƙa nuna maka nawa ne dukiyarka da ke hannun mutane a wannan sa'a. Na tabbata ranar farko da ka ga wannan lamba za ka yi shiru na ɗan lokaci, don littafin takarda yana ɓoye ta a tsakanin shafuka.

Tunda Kasuwar Litinin na samun baƙi daga Diffa da Kusiri da Injamena, masu zuwa da sefa, ya ƙara gida ɗaya na farashin canji na ranar, ya ɗaure sauran lissafin sefa da shi. Canji ya motsa da safe, gida ɗaya za a taɓa, ba a sake bin layi-layi da kalkuleta ba. Idan kuma abokin ciniki yana son takardar kaya, a Writer ake tsara ta, da Faransanci ko da Larabci ma in ana so, a danna maɓallin PDF, a tura masa ta WhatsApp. PDF ba ya hargitsewa a wayar kowa.

Tambayarka ta ƙarshe ita ce mafi nauyi a wurina, wato ko za ta cinye maka lissafi. LibreOffice tana ajiye fayil a wani tsari buɗaɗɗe da ake kira ODF, wanda hukumar ƙa'idoji ta duniya, ISO, ta amince da shi tun 2006. Ma'anarsa, yadda aka jera bayananka a cikin fayil ɗin a rubuce yake a fili, duk mai son gina manhajar da za ta karanta shi yana iya ginawa. Ko gidauniyar ta watse gobe, lissafinka na nan a hannunka, ba mai rufe maka shi don ba ka biya kuɗin wata ba. Wannan dalili na daga cikin abin da ya sa gwamnatin jihar Schleswig-Holstein a Jamus ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kimanin 30,000 zuwa LibreOffice. Wurin ajiye fayil akwai zaɓin sa kalmar sirri, kuma ya kamata a sa wa littafin bashi, don asirin mutane ne a ciki. Amma kai da yaron ku san kalmar ku biyu, ku rubuta ta a wani wuri amintacce, domin idan ta ɓace babu ofishin da za a je a buɗe.

Tana da nata rauni. Takardar Word mai ado da yawa, da teburi cikin teburi, wani lokaci takan ɗan goce idan an buɗe ta a Writer. Maɓallan ma ba duka suke inda yaron ya saba ganinsu ba, zai yi mako guda yana lalube yana tsaki. Idan zai tura wa banki ko wani ofishi fayil da za su yi gyara a ciki, ya ajiye musu kwafi a tsarin docx ko xlsx, ya sake buɗewa ya duba kafin ya tura.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Firefox don shiga intanet. VLC, mai alamar abin nan mai tsini ruwan lemu da masu aikin titi ke jerawa a kan hanya, wadda ɗalibai suka fara a wata makarantar injiniyoyi a Faransa, tana kunna kusan kowane irin sauti da bidiyo, tun daga karatun tafsiri har bidiyon samfurin shadda da dila ya turo. 7-Zip don buɗe fayilolin da aka dunƙule. Idan yaron yana son haɗa hoton talla, GIMP da Inkscape sun isa na sawa a waya, amma idan allon shago za a buga, yawancin masu ɗab'inmu da CorelDRAW suke aiki, gara ya tambaye su irin fayil ɗin da suke karɓa tukuna.

Akwai wata da ba ka tambaya ba amma ba zan iya tsallake ta ba. Yana yi mini ciwo in ga rasit ko sanarwa da Hausa an rubuta ƙ da ɗ da ɓ babu lanƙwasa, sunan mutum ya koma wani abu daban. Manhajar Keyman ta ƙungiyar SIL, ita ma buɗaɗɗiya, tana ba da damar buga waɗannan haruffa daidai, har da irin su ǝ na Kanuri. Ƙungiyar ta kuma fitar da salon rubutu mai suna Alkalami, wanda aka zana bisa hannun ajamin Kano. A ƙasar da allo da tawada suka yi ƙarnuka, abin farin ciki ne yaro ya iya buga ajami a kwamfuta ba tare da ya biya ko sisi ba.

To amma Alhaji, babu manhajar da ke hana wuta ko ruwa, kuma ba ni zan ba ɗan Kasuwar Litinin labarin wannan ba. Gobarar daren Lahadi 26 ga Fabrairun 2023 ta nuna cewa kwafin da ke cikin shago tare da kaya yake tafiya. Ambaliyar madatsar Alau ta 10 ga Satumban 2024, wadda ta shiga kasuwa ta kuma shiga gidaje a Gwange da wasu unguwanni, ta nuna cewa na gida ma bai wadatar ba. Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye gaba. Saboda haka kullum kafin a rufe shago yaron ya kwafi fayil ɗin a filashi ya tafi da shi gida. Duk Juma'a ya tura kwafi mai kalmar sirri zuwa imel ɗinka, wanda za ka iya buɗewa ko daga Kano. Ƙarshen wata a buga jerin masu bashi a takarda. Fayil ɗin lissafin shekara guda bai kai nauyin bidiyo ɗaya na minti biyu ba, don haka data ba za ta zama uzuri ba.

Saura maganar Windows kansa. Idan na 10 ne a laftof ɗin, Microsoft ta daina aiko masa da gyaran tsaro tun 14 ga Oktoban 2025, in ban da waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi, kuma tsofaffin laftof da yawa ba su cika sharuɗɗan hawa na 11 ba. A nan Linux Mint ke da amfani: yana maye gurbin Windows gaba ɗaya, fuskarsa ta yi kama da wadda aka saba, yana tafiya da kyau a na'ura mai ram giga 4, kuma yana zuwa da LibreOffice da Firefox a ciki. Sai dai ban ba ka shawarar ku yi tsalle yanzu ba. Ku yi wata biyu ko uku da LibreOffice a kan Windows har hannu ya faɗa. Bayan nan yaron ya zuba Mint a filashi ya tayar da laftof ɗin daga cikinsa, wanda ba ya taɓa komai na cikin na'urar, ya gwada firintarku da sauti da haɗa intanet daga waya. Idan duka sun yi, a kwashe fayiloli wuri biyu sannan a girka. Idan firinta ta ƙi, ko akwai wata manhajar banki ko na'urar ɗaukar yatsa da ba ta aiki sai da Windows, a dakata, a nemi Windows mai lasisi na gaskiya. Mai gyaran da zai yi muku wannan aiki kuma a biya shi ladan hannunsa cikakke, ko da manhajar ba ta ci ko kwabo ba.